Kayan Kirsimeti a Birnin Gwari: Yaro Ya San Hannun da Ya Ba Shi

A Birnin Gwari, Disamba wata ne na lissafi. Masara ta shiga buhu, an yanke dawa, waken soya ya kama hanyar kasuwa, hazon hunturu ya sauko daga dajin Kamuku ya rufe gari. Magidanci yakan zauna ya ƙirga abin da ya iso gida, da abin da aka bari a gona don babu halin zuwa ɗaukowa. A gidajen Kiristoci, waɗanda su ne 'yan tsiraru a wannan masarauta, akwai wani lissafin a kan wannan: yadin yara, kuɗin tela, takalma, shinkafa, kaza, da kason watanda idan 'yan ikilisiya sun haɗa kuɗi sun sayi sa. Duk wanda ya tashi a gidan Kirista a Arewa ya san babu abin da ke hana yaro barci a wannan wata kamar kayan Kirsimeti, daidai yadda ɗan maƙwabcinsa Musulmi yake ƙosawa da kayan Sallah.

A da, babu yaron da ke tambayar daga ina kayan suka fito. Da shi aka je wurin tela, da shi aka koma sau biyu ko uku ana cewa "ku dawo jibi", ya ga babansa yana ciniki, ya ga mamarsa tana kwance bakin zani. Yanzu wani baƙo ya shiga tsakanin yaro da iyayensa. Sunansa Baba Kirsimeti: tsoho mai farin gemu da jajayen kaya, wanda aka ce yana zaune can ƙarshen duniya inda ƙanƙara ba ta narkewa, yana rubuta sunayen yara masu biyayya da masu ƙiriniya, a daren 24 ga wata kuma ya zaga duniya a keken da barewa ke ja a sararin sama, ya ajiye wa na kirki kyauta. Ya shigo ta talabijin da wayar hannu, ta bikin ƙarshen zango na makarantun kuɗi, ta 'yan uwan da suka yi zaman gudun hijira a Kaduna suka dawo da abin da yaransu suka gani a can. Wasu majami'u ma sun karɓe shi a bikin yara na makarantar Lahadi.

Wanda ya taɓa halartar irin wannan biki ya san yadda yake gudana. Ana zaɓen wani saurayi daga cikin matasan ikilisiya, a sa masa jar riga da jan wando, a cusa masa matashin kai a ciki don ya yi tumbi, a manna masa gemun auduga, wani lokaci har da abin rufe fuska na roba. Ya fito da buhu a kafaɗa yana kaɗa ƙararrawa. Manyan yara su ɗauki ihu, domin sun gane takalminsa, sun gane tafiyarsa. Ƙanana kuwa, 'yan shekara uku zuwa biyar, wasu su ruga su ƙanƙame zanin uwa suna kuka, sai an lallashe su kafin su miƙa hannu su karɓi biskit, balan-balan da fensir. A hanyar komawa gida ne maganar take tasowa: "Mama, wane ne wancan? Da gaske daga sama ya zo?"

Amsar da uwa za ta bayar a wannan hanya ita ce abin da ya dame ni. Ra'ayina shi ne ta faɗi gaskiya, kuma ina ganin iyayen Birnin Gwari suna da dalilan yin haka da suka fi na iyayen wasu wurare nauyi.

Da farko, ya kamata iyaye su san cewa labarin yana da tushe na gaske, kuma tushen ya fi ƙarin da aka yi masa daɗi. A ƙarni na 4 an yi wani bishop mai suna Nikolas a garin Mira, a gaɓar tekun ƙasar da yau ake kira Turkiyya. Garin yanzu sunansa Demre. Labarin da ya fi shahara a kansa shi ne na wani talaka mai 'ya'ya mata uku, wanda ya rasa abin da zai aurar da su, har yana shirin barin su su faɗa mummunar hanya. Nikolas ya bi dare ya jefa ƙunshin zinariya ta tagar gidan, sau uku, don kada a san shi ne. Duk uban da ya taɓa tsayawa a gaban kayan ɗaki yana lissafin gado da katifa da kwanuka zai fahimci girman abin da wannan mutum ya yi. Ikilisiyoyi da dama suna tunawa da shi ranar 6 ga Disamba. Mutanen Holan suka riƙa ba yara kyauta a wannan rana da sunansa, al'adar ta haye teku zuwa Amurka, a can aka sake masa kama. Wata waƙa da aka buga a New York a 1823 ce ta yaɗa zancen barewa da shiga gida ta bututun hayaƙi. Mai zane Thomas Nast ya fara zana shi a mujalla a 1863. Daga 1931 kamfanin Coca-Cola ya riƙa sa hotonsa a talla, da jajayen kaya da jan kumatu, har siffar ta zauna a idon duniya. A Najeriya, manyan kantuna irin su Kingsway, wanda aka buɗe a Legas a 1948, da kuma gidajen talabijin, su ne suka saba wa iyaye da biyan kuɗin shiga a kai yaro ya gaisa da Baba Kirsimeti ya fito da leda.

Kirsimetin da ya girma a majami'un da ke sujada da Hausa ba a kan wannan aka gina shi ba. 'Yan mishan na SIM, waɗanda suka iso a 1893 kuma daga aikinsu ikilisiyar ECWA ta fito, sun yi aiki mai yawa a ƙasar Gbagyi. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932. Abin da tsofaffi suke tunawa shi ne sujadar dare, waƙoƙin Zumuntar Mata da tukwanen kiɗa da kacau-kacau, wasan kwaikwayon haihuwar Yesu inda yara ke yafa tawul su zama makiyaya, da kwanukan shinkafa da ake aika yara su kai gidajen maƙwabta. A cikin duk wannan babu kyautar da ba ta da mai ita.

Sai kuma daji

Daga Kaduna zuwa Birnin Gwari tafiyar kimanin kilomita 120 ce, ta Buruku, Udawa da Kuriga. Shekaru da yawa, direba ba ya kama wannan hanya sai ya yi sallama da iyalinsa. Gandun dajin Kamuku, wanda gwamnatin tarayya ta mayar wurin shaƙatawa na ƙasa a 1999, da dazukan da suka haɗe da shi har zuwa Kuyambana a Zamfara, sun zama maɓoyar 'yan bindiga. A watan Mayun 2018 an kashe fiye da mutum 40 a ƙauyen Gwaska. A watan Maris na 2021 an shiga makarantar firamare ta Rama aka tafi da malamai uku. A ƙarshen wannan shekarar gwamnatin jiha ta katse layukan waya na kusan wata biyu, ta hana cin kasuwannin mako. Ranar Lahadi 7 ga Mayun 2023 an kwashe masu sujada kusan 40 daga majami'ar Baptis ta Bege a Madala, kusa da Buruku. Ranar 7 ga Maris na 2024 aka kora 'yan makarantar Kuriga cikin daji. Yara 137 suka dawo bayan fiye da mako biyu. Manoma, Musulmi da Kirista, sun biya 'yan bindiga harajin miliyoyin naira kafin a bar su su shuka ko su girbe gonakin da suka gada. A ƙarshen Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari, aka ƙulla sulhu da 'yan bindiga, aka sake buɗe kasuwar shanu da ta daɗe a rufe, motoci suka dawo hanya. Mutane sun samu sararin numfashi, kuma suna godiya. Amma yaron da yau yake aji uku a firamare, a cikin wancan hali aka haife shi, a cikinsa ya koyi magana.

Irin wannan yaro ya tashi da wasu dokoki da yaran Abuja ba su sani ba. In Baba ya ce kwanta, ka kwanta. In Mama ta ce yi shiru, ko tari ba a yi. In an ce gudu, ba a tsayawa neman takalmi. Kada ka bi baƙo, kada ka karɓi abin hannun wanda ba ka sani ba, kada ka gaya wa kowa inda Baba ya tafi ko buhu nawa aka kawo. Waɗannan dokoki sun ceci rayuka, kuma duk sun dogara ne a kan abu guda: yaro ya tabbata cewa abin da iyayensa suka faɗa haka yake. Maganar uba a irin wannan wuri kamar igiyar guga ce. Ba a wasa da ita don ranar ƙishirwa na zuwa. To, yaya za a yi uwa ta shekara tana cewa kada a karɓi kyautar baƙo mai rufaffiyar fuska, sa'an nan a watan Disamba ta tura ɗanta gaban wani mai rufaffiyar fuska, ta ce wannan ya san sunanka, ya san duk abin da kake yi, da dare zai shigo gidanmu muna barci? A ƙasar da aka yi wannan tatsuniya, mai shigowa da dare abin murna ne. A ƙauyuka irin su Randagi ko Kakangi, kowa ya san abin da shigowar dare take nufi.

Akwai kuma abin da ya faru a gabashin ƙaramar hukumar wanda ya kamata kowane uba ya riƙe. A 2022 ƙungiyar ci gaban masarautar Birnin Gwari ta yi ta kokawa cewa 'yan ƙungiyar ta'adda ta Ansaru suna shiga garuruwan yankin Damari suna wa'azi, suna jawo matasa, kuma rahotannin jaridu sun nuna har kyaututtuka suka riƙa rabawa a lokacin Sallah. Da kyauta aka fara neman zukatan mutane. Darasin da yaron wannan ƙasa yake bukata, ko ɗan masallaci ne ko ɗan majami'a, shi ne ya saba tambayar wa ya bayar, kuma don me. Tarbiyyar Hausa ta riga ta tanadi wannan. Yaro ya shigo da abu a hannu, tambayar farko ita ce "wa ya ba ka?", ta biyu kuma "ka yi godiya?" Labarin da ke koya wa yaro cewa alheri yana faɗowa daga wani wanda ba a gani, ba a sani, ba a iya zuwa a gaishe shi, yana warware wannan tarbiyya.

Dalilin da ya fi taɓa ni, duk da haka, shi ne na yaron da bai samu komai ba. Zuciyar labarin Baba Kirsimeti ita ce sakayya: na kirki ya samu, mai laifi ya tashi hannu banza. A watan Disamban 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta kai kashi 34.8 cikin ɗari bisa alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasa. A kan wannan a ɗora gidan da ya sayar da shanun noma da babur da rabin amfanin gona don fanso mutum ɗaya daga daji. A irin wannan gida, ko rigar gwanjo sai an yi da gaske. Idan an koya wa yarinya 'yar shekara shida cewa kyauta ladan hali ce, ta ga 'yar mai kanti da sabon takalmi da 'yar tsana, ita kuwa da tsohon silifas, wane hukunci za ta yanke wa kanta? Za ta ce ita ce mai laifi. Wannan nauyi ne da bai kamata a ɗora wa yaro ba, kuma ya saɓa wa abin da ake wa'azinsa a kan bagade a wannan rana. Koyarwar Kirista game da Kirsimeti ita ce Allah ya ba da kyautarsa ga waɗanda ba su cancanta ba. Labarin haihuwar kansa, yadda Matiyu da Luka suka kawo shi, labarin matalauta ne: ma'aurata da suka rasa masauki, jariri a komin dabbobi, sarki da ya aika a kashe yara, iyali da suka tashi cikin dare suka gudu Masar. Yaron da aka taɓa goya shi aka gudu da shi daga ƙauye ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan wannan. Labarin gidansu ne.

Masu kare al'adar suna da hujjarsu, kuma ban raina ta ba. Suna cewa yaran nan sun ga abin da ya fi ƙarfin shekarunsu, a bar su su ɗan yi mafarki. Suna cewa babu wanda ya lalace don ya yarda da Baba Kirsimeti. Binciken masana halayyar yara ya ba su wani goyon baya: wani nazari da aka buga a Amurka a 1994 ya gano cewa yawancin yara suna gano gaskiyar da kansu a wajen shekara 7, kuma da yawansu ba su ji zafin haka ba, iyayen ne ma suka fi jin babu daɗi. A ɗaya gefen, wasu masana biyu, Christopher Boyle da Kathy McKay, sun rubuta a wata mujallar likitocin ƙwaƙwalwa ta Ingila a 2016 suna tambaya ko ƙaryar da aka daɗe ana nanatawa ba za ta taɓa amincin yaro ga iyayensa ba. Ikilisiya ma ta daɗe tana kai da komo a kan batun. A Disamban 1951, a birnin Dijon na Faransa, an ƙona mutum-mutumin Baba Kirsimeti a ƙofar babbar majami'a a gaban ɗaruruwan yara, don nuna fushin cewa ya ƙwace wurin Almasihu. A Disamban 2021 bishop na Noto a tsibirin Sisili na Italiya ya gaya wa yara kai tsaye cewa babu shi, iyaye suka fusata, sai da ofishinsa ya ba da haƙuri. Duka biyun, a ganina, an yi gaskiya ba tare da tausayi ba. Ba aikin mai wa'azi ba ne ya fasa wa yaran mutane abu a bainar jama'a. Aikin uwa da uba ne, a gida, a hankali.

Kuma faɗin gaskiya ba ya nufin kashe wasa. Al'adarmu ta san yadda ake ba yaro duniyar mafarki ba tare da an yaudare shi ba. Kaka tana zama da jikoki da dare ta ba su labarin Gizo da Ƙoƙi, da kura da ɗan akuya, su ji tsoro, su yi dariya, su roƙi ƙari. Amma tatsuniya tana da ƙofar shiga da ƙofar fita. Daga "ga ta nan ga ta nanku" zuwa "ƙurunƙus", kowa ya san inda yake. Babu yaron da ya girma ya ce kakarsa ta yi masa ƙarya a kan Gizo. Haka tashe a watan azumi: yara suna manna gemun auduga, su cusa tsumma a ciki, su zaga gida-gida, 'yan kallo sun san ɗan wane ne a cikin shigar, wannan sanin ma shi ne rabin daɗin. Baba Kirsimeti zai iya zama a wannan matsayi. Saurayin ya sa jar rigarsa, ya kaɗa ƙararrawarsa, amma malamar makarantar Lahadi ta gabatar da shi da sunansa, ta ce yau yayanku zai yi mana shigar wani bawan Allah da ya rayu tuntuni, mai taimakon talakawa a ɓoye. A bar fuskarsa a buɗe. A ƙarshe a gaya wa yara cewa biskit ɗin nan Zumuntar Mata ce ta saya, fensir ɗin kuma dattawan ikilisiya ne, a tashi a yi musu tafi. Ƙananan ba za su yi kuka ba, manyan kuma ba za su koyi cewa manya suna haɗa baki su rufe su ba.

A gida, maganar ba ta bukatar tsawo.

"Mama, Baba Kirsimeti ne ya kawo mini takalmin nan?"

"A'a, ɗana. Babanka ne ya sayar da masara tiya goma ya sayo maka. Rigar kuma kawunka na Kaduna ne ya aiko da yadin. Je ka gaida Baba ka ce ka gode, anjima mu kira Kawu."

"To shi wancan mai gemun fa?"

"Wasa ne, kamar tashe. Amma an yi wani mutum na gaske mai irin halin, zo in ba ka labarinsa."

Yaron da aka amsa wa haka ya samu abubuwa da yawa a lokaci guda. Ya san darajar masarar da ya ga ana sussuka. Ya san yana da kawu da ke tunawa da shi. Ya kuma ga cewa in ya yi tambaya, za a gaya masa yadda abu yake, wanda shi ne zai sa ya dawo da tambayoyi masu nauyi in ya girma: game da Allah, game da mutuwa, game da dalilin da ya sa aka ƙona ƙauyensu. Iyaye Kiristoci suna roƙon 'ya'yansu su gaskata da Wanda ba a gani, mai sanin kome, mai jin addu'a. Bai dace su ba su wani na biyu mai irin waɗannan siffofi, wanda su da kansu sun san za a wayi gari a ce babu shi ba. Sai dai a ja wa yaron kunne da abu ɗaya: kada ya je makaranta ya riƙa yi wa 'yan ajinsu dariya, domin kowane gida da yadda yake tafiyar da nasa.

Wani zai ce ai Yesu da kansa ya koyar a yi sadaka a ɓoye, Nikolas ma haka ya yi. Gaskiya ne. Amma ɓoye suna daban, ƙirƙiro mai bayarwa daban. Uwa tana iya cewa "wani bawan Allah ne ya aiko, bai so a faɗi sunansa ba, mu yi masa addu'a", kuma ba ta faɗi ko kalma ɗaya da ba haka take ba.

Wannan ya kawo mu ga majami'u da ƙungiyoyin da ke kai agaji ga iyalan da aka raba da gidajensu a lokacin Kirsimeti. Sau da yawa ana tara yara a fili, baƙi su zo daga birni, wani ya sa jajayen kaya ya raba leda, a ɗauki hoto, iyaye suna tsaye a gefe suna kallo. Niyyar mai kyau ce. Amma uban da 'yan bindiga suka raba da gonarsa ya riga ya sha kunyar kasa ciyar da gidansa, kuma yaransa suna gani. Da za a kira shi da matarsa a keɓe kwana biyu kafin bikin, a ba su yadin da shinkafar da ɗan kuɗin ɗinki, su ne za su kai yaro wurin tela, su ne za su miƙa masa rigar da safiyar 25 ga wata, su kuma gaya masa cewa 'yan uwa daga ikilisiyar Kaduna ne suka taimaka bana. Kuɗin da za a kashe ɗaya ne. Dattawan kowace ikilisiya sun san gidajen da ke cikin wannan hali, kuma Zumuntar Mata ta fi kowa sanin yara nawa ne a kowane gida da shekarunsu, don haka jerin sunayen ba zai ɗauki fiye da zama ɗaya bayan sujadar Lahadi ba.